Harsashi da makasa: abin da ke kashe babbar dabba

 

An ba ni in yi magana a kan ƙarfin harsashi da yadda yake ratsa jikin manyan namun daji, irin su giwa da ɓauna da dorina. Bari in faɗi wani abu tun da wuri don kada a yi mini gurguwar fahimta. A Najeriya giwa tana ƙarƙashin kariyar dokar 1985 ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma garken da ya rage mana a Yankari ana ƙiyasta shi tsakanin 100 da 150 kacal. Ban zo in zuga kowa ya shiga daji ba. Amma akwai ranar da harbi ke zama dole: ɓaunar da tarkon waya ya ci ƙafarta har ta ruɓe, dorinar da ta saba kife kwalekwalen masunta, giwar da wani ya bar wa harsashi a jiki ta koma bin manoma. A irin wannan rana, wani daga cikin mutanen da ke zaune a ɗakin nan za a tura. Abin da ya sani game da harsashin da ke cikin bindigarsa shi zai raba tsakanin dabbar da ta mutu nan take da wadda za ta yi mako tana jan ciwo, ta kuma halaka mai tsautsayi a hanya.

Duk wanda ya taɓa riƙe kwalin harsasan farauta ya ga lambobi a jikinsa. Akwai nauyin harsashi, akwai gudunsa a lokacin da ya bar bakin bindiga, sai lamba ta uku wadda ta fi ɗaukar ido, wato ƙarfin motsinsa, wanda ake aunawa da jul. Lissafin ba shi da wuya: a ninka gudu da kansa, a ninka da nauyi, a raba biyu. Ku lura, gudu ya shiga lissafin sau biyu, nauyi kuwa sau ɗaya. In ka ruɓanya nauyin harsashi, ƙarfin ya ninku biyu. In gudunsa ka ruɓanya, ƙarfin ya ninku huɗu. Saboda haka hanya mafi sauƙi ga kamfanin da ke son babbar lamba a kwalinsa ita ce ya rage nauyi ya ƙara gudu.

Mu ɗauki harsashin da ya fi kowane suna a farautar Afirka, .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Nauyinsa giram 19.4, gudunsa kimanin mita 770 a sakan ɗaya, ƙarfinsa wajen jul 5,700. Lambar tana da ban tsoro a kunne. To amma da za a juye wannan ƙarfi duka a cikin ruwa lita ɗaya, zafin ruwan ko digiri ɗaya da rabi ba zai ƙaru da shi ba. Haka kuma maganar da ake yi cewa harsashi yana ɗaga dabba ya maka ta da ƙasa. Turin da harsashi ke yi wa abin da ya sama bai wuce turin da bindiga ta yi wa kafaɗar mai harbi ba. In ɓauna mai kilo 700 ta shanye turin .375 gaba ɗaya, zai gusar da ita ne da gudun santimita biyu a sakan. Da harsashi zai iya kayar da ɓauna da turi, da mai harbin ne zai fara faɗuwa. Idan kun ga dabba ta zube a inda take tsaye, an taɓa ƙwaƙwalwa, ko laka, ko an karya ƙashin da ke ɗauke da ita.

Ga wasu harsasai biyu. Na farko .220 Swift, wanda Winchester ya fitar a Amurka a 1935: giram 3 da ɗan ɗoriya, gudu mita 1,250 a sakan, ƙarfi kimanin jul 2,400. Na biyu tsohon harsashin soja na Mauser mai milimita 7: giram 11.2, gudu mita 700, ƙarfi kimanin jul 2,700. A takarda kusan ɗaya suke. A daji kuwa, na farkon an yi shi ne don ƙananan dabbobi, yana shiga ya tarwatse cikin 'yan santimita kaɗan. In aka harbi ɓauna da shi a kafaɗa, gyambo kawai za a yi mata. Na biyun an kashe giwaye kusan 800 da shi a hannun mutum ɗaya. Zan dawo kan wannan mutum.

Me ke kashe dabba? Ko dai a lalata ƙwaƙwalwa ko lakar wuya, ta mutu nan take, ko a huda zuciya da manyan jijiyoyi da huhu, jini ya zuba har ƙwaƙwalwa ta rasa iska. Babu wata hanya ta uku da za a dogara da ita. Kuma ko zuciya aka fasa, jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa yana iya riƙe dabba sakan goma zuwa sha biyar. Ɓauna tana gudun kilomita 50 a awa. A sakan goma ta ci fiye da mita ɗari. Maharban da ke nan sun san wannan tun kafin a haife ni: dabbar da aka samu a zuciya tana iya tashi da gudu kamar ba a taɓa ta ba.

Wani likitan tiyata na sojan Amurka, Martin Fackler, wanda ya shugabanci ɗakin binciken raunin harsashi a San Faransisko a shekarun 1980, ya bayyana abin da ke faruwa a cikin tsoka ta hanyar harbin tubalan jelatin da aka haɗa su yi daidai da taurin nama. Ya raba raunin gida biyu. Akwai ramin da harsashi ya murƙushe da jikinsa a kan hanyarsa, wanda yake zama. Akwai kuma buɗewar ɗan lokaci, inda naman da ke kewaye ke tsalle gefe ya dawo cikin ƙiftawar ido. Tsoka da huhu suna da talewa, sukan jure wannan buɗewa. Hanta da ƙwaƙwalwa ba sa jurewa. Kaso mai yawa na jul ɗin harsashi mai tsananin gudu a wannan buɗewar yake tafiya. A jikin gada ko zomo buɗewar ta kusan cika cikin dabbar, shi ya sa take zubewa. A jikin toron giwa mai tan biyar ko shida, da fata mai kaurin santimita biyu da rabi, ba ta kai ko'ina ba. Roy Weatherby, wanda ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya a 1945, ya gina sunansa a kan cewa girgizar da gudu ke haifarwa ita ke kisa. A kan barewa ana iya tattauna maganarsa. A kan giwa da ɓauna, ramin da ya zama, da zurfinsa, da abin da ya ratsa, su ne abin dubawa.

Yanzu mu duba kan giwa, domin a nan matsalar ta fi fitowa fili. Ƙwaƙwalwarta wajen kilo biyar ce, tana can baya a cikin ƙoƙon kai, kuma abin da ke kewaye da ita ƙashi ne mai ramuka kamar saƙar zuma, ga tsokar gindin hanci, ga saiwar haure. Harsashin da ya zo ta gaba sai ya keta fiye da rabin mita na wannan kafin ya isa. In ya kauce da faɗin tafin hannu, ramukan nan sukan shanye bugun, giwa ta durƙusa, ta miƙe, ta tafi ko ta taso.

Turawan farko da suka shiga farautar haure sun nemi magance wannan da girma. Frederick Selous, da ya fara harbin giwa a ƙasar Matabele a 1872, bindigar ɗuri ya riƙe mai harba curin dalma na giram 113, faɗinsa ya haura santimita biyu da rabi. Shi da kansa ya yi ƙorafin cewa shurin waɗannan bindigogi ya taɓa masa natsuwar harbi har ƙarshen rayuwarsa. Da baƙin albarushi ba a iya samun gudu, sai a ƙara dalma. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 1882 Eduard Rubin na Suwizalan ya yi wa dalma sulken ƙarfe, a 1884 kuma Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Daga nan aka sami harsashi siriri, dogo, mai tauri, mai gudu.

Mutumin da ya fi kowa nuna abin da wannan harsashi zai iya shi ne Walter Bell, ɗan Sikotlan, wanda aka haifa a 1880 ya rasu a 1954. Ana yi masa laƙabi da Karamojo saboda yankin Karamoja na Yuganda inda ya yi suna. Yawonsa ya kawo shi har ƙasar Rai Buba a arewacin Kamaru, ya kuma ware babi guda a littafinsa na 1923 a kan lamidon ƙasar. Ya kashe giwaye 1,011, kusan 800 daga cikinsu da ƙaramin harsashin nan mai milimita 7. Ba sa'a ba ce. Tun farkon shigarsa ya sa aka tsaga masa ƙoƙon kan giwa da zarto, ya zauna ya koyi inda ƙwaƙwalwa take daga kowace fuska. Yana matsawa kusa ƙwarai kafin ya harba. Kuma bai yarda da harsashi mai taushin baki ba. Mai cikakken sulke da zagayayyen baki kaɗai yake ɗurawa.

Ba na ambaton Bell don yabo. Giwa dubu a hannun mutum ɗaya ɓarna ce, kuma irin wannan ciniki na haure, wanda fataken ƙasarmu ma suka yi ruwa suka yi tsaki a cikinsa ta hanyar Adamawa, shi ya share giwa daga dazuzzuka da yawa. Amma abin da ya bari na ilimi gaskiya ne, kuma lissafi ya goyi bayansa. Akwai wani ma'auni da ba a cika bugawa a kwali ba: a raba nauyin harsashi da faɗin fuskarsa, a ga giram nawa ke tura kowace murabba'in milimita. Na Bell yana ba da 0.27. Na .375 mai giram 19.4 shi ma 0.27. Na 9.3×62, wanda Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905 don Jamusawa mazauna Afirka, da harsashinsa mai giram 18.5, shi ma 0.27. Harsasai uku daga maƙera daban-daban, duk sun yi suna wajen ratsawa, duk sun faɗa wuri ɗaya. Na .220 Swift 0.12 ne. Ƙaton curin Selous kuwa, duk girmansa, 0.20 ne. Nama da ƙashi suna tare harsashi ne gwargwadon faɗin fuskarsa, abin da ke tura shi gaba kuma nauyin da ke bayan fuskar ne. Dogo mai nauyi yana nitsewa, gajere mai faɗi yana tsayawa.

Iyayenmu maharba, wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinku. Kibiyar bakan farauta na zamani ƙarfinta bai kai jul 150 ba, amma tana shiga barewa ta wannan gefe ta fita ta wancan, saboda doguwa ce, kanta yanka yake yi. Kuma magabatanku masu bin giwa, da suka ga curin dalma daga adaka ba ya isa makasa, sai suka riƙa ɗura mata sango, gajeren mashi mai kan ƙarfe shafe da dafin kwankwani. Albarushin shi ne dai, bindigar ita ce dai, abin da aka harba aka sauya ya zama dogo mai nauyi mai kaifi. Sai dai a sango dafi ne ke ƙarasa aikin, kuma dafi yana ɗaukar lokaci, dabba tana shan wuya kafin ta faɗi.

Malamai kuma sun san shari'a ta riga kowa raba bugu da huda. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da wani sandan jifa mai kaifin baki. Hukuncin da aka ba shi shi ne, abin da sandan ya huda da bakinsa a ci, abin da ya buge da gefensa ya mutu kada a ci. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya suka yi saɓani, waɗanda suka halatta, cikinsu har da Shehu Abdulƙadir al-Fasi, suka kafa hujja da cewa harsashin dalma yana huda ya zubar da jini, saɓanin curin yumɓu da ake harbawa a da. Ga kuma umarnin kyautatawa wajen kisa da yanka, wanda kowane ɗalibin Arba'una ya haddace. Ina ganin duk maganar da muke yi yau a ƙarƙashin wannan umarni take.

Nauyi bisa faɗin fuska yana aiki ne muddin harsashi ya riƙe siffarsa. Da zarar ya daki nama, siffar na iya sauyawa, kuma a nan ƙira take shigowa. A shekarun 1890, a maƙerar makamai ta Dum Dum kusa da Kalkata, sojan Ingila suka fitar da harsashi mai buɗaɗɗen sulke a baki, wanda dalmarsa ke bajewa in ya shiga jiki. Yarjejeniyar Heg ta 1899 ta hana amfani da irinsa a yaƙi, amma a farauta shi ya zama abin so, domin ramin da yake bari ya fi faɗi, jini ya fi zuba. Sai dai bajewar tana da farashi. Harsashin da faɗinsa ya ninku biyu, fuskarsa ta ninku huɗu, nauyin da ke bayan kowace milimita ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In kuma ya zubar da rabin dalmarsa a hanya, abin ya ƙara lalacewa. Nan ne mutane da yawa ke mamaki: ƙarin gudu yana iya rage zurfi. Tirjiyar nama tana ƙaruwa ne da ninkin gudu, harsashi mai taushi da ya zo da tsananin gudu sai ya baje tun a fata, ya ƙare ƙarfinsa kafin ya wuce haƙarƙari.

Abin da ya sami John Nosler ke nan a 1946 a yammacin Kanada. Ya harbi mus, wata ƙatuwar dabba mai ƙaho ta ƙasashen sanyi, wadda kafaɗarta ke lulluɓe da busasshen taɓo. Bindigarsa .300 H&H ce, mai ƙarfi ƙwarai, amma harsasan suka riƙa farfashewa a waje. Ya koma gida ya ƙera harsashi mai katanga a tsakiya: gaba ya baje, baya ya zauna a kulle ya ci gaba da turi. A 1948 ya fara sayar da shi. Daga baya aka zo da masu dalma manne da sulke, a 1989 kuma kamfanin Barnes ya fitar da na zallar jan ƙarfe, wanda ke buɗewa ba tare da ya zubar da nauyi ba. Wannan na ƙarshe yana da wata fa'ida da bai kamata mutanen da suka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 su raina ba: ba ya barin ɓarɓashin dalma a naman da za a ci, ko a mushen da ungulu za ta sauka a kai.

A kan giwa ba a son bajewa sam, dunƙulallen harsashi ake so. Shi ma yana da nasa aibin. Juyawar da zanen cikin bututun bindiga ke ba harsashi ta isa ta daidaita shi a iska, amma nama ya fi iska kauri sau 800. Mai tsinin baki, wanda nauyinsa ke baya, yana shiga sai ya fara karkata, ya juya gefe, ya bar hanya. Mai zagayayyen baki ya fi shi, amma shi ma yakan lanƙwashe ko ya goce a kan ƙashi. Shi ya sa masu sana'ar a yau suka karkata ga wanda aka sassaƙa daga tagulla ko jan ƙarfe, mai miƙaƙƙen jiki da shafaffen baki, domin ya fi tafiya a miƙe. Ɓauna kuwa tana tsakani. Haƙarƙarinta faffaɗa ne, kusan a haɗe, tumbinta cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa wadda ke tsayar da harsashi. Al'adar da aka daɗe a kai ita ce a fara da mai buɗewa mai tauri in tana tsaye a gefe, a bi da dunƙulalle in ta juya baya ko ta taso. A cikin garke kuma sai an kula, don dunƙulalle yakan fita ya sami wadda ke bayanta.

To in haka ne, me ya sa ba a ce kowa ya ɗauki ƙaramar bindiga irin ta Bell ba? Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Bell ya yi farauta a zamanin da giwaye ba su san bindiga sosai ba, shi ke zaɓen lokaci da wuri. Ma'aikacin da aka tura bin dabba mai rauni a cikin duhuwa ba ya zaɓen komai. John Taylor, ɗan Ayalan da ake kira Pondoro, wanda ya yi shekaru yana farauta a kwarin Zambezi, ya ga wannan, a littafinsa na 1948 ya kawo nasa ma'aunin: nauyi a ninka da gudu a ninka da faɗi. Abin da yake son aunawa ƙayyadadde ne, wato in dunƙulallen harsashi ya kuskure ƙwaƙwalwar giwa da kaɗan, wanne zai sumar da ita har a sami damar harbi na biyu. Mutane suka ɗauki ma'aunin suka shafa wa kowace dabba da kowane harsashi, abin da shi bai nufa ba. Amma tushen maganarsa daidai ne. Babban harsashi yana karya ƙashin da ƙarami zai huda ya wuce, yana barin rami mai faɗi da sawun jini da za a bi, yana ba mai kuskure ɗan sarari.

Kuma ko babbar bindiga ba ta wuce harsashinta ba. Winchester ya fitar da .458 a 1956, giram 32.4, da alkawarin gudun da ya kai na tsofaffin bindigogin Ingila masu baki biyu. Kwanson ya yi gajarta, aka danne albarushi a ciki, zafin Afirka ya sa yana dunƙulewa, wasu harsasan suka riƙa fita da gudun da bai kai na kwali ba. A 1959 ɓauna ta ji wa Jack Lott rauni a Mozambik yana riƙe da irin wannan bindiga, abin da ya kai shi ga ƙera mai dogon kwanso a 1971. Masu ajiye harsasai shekara da shekaru a ɗakin kwano a zafin Bauci ko Difa su riƙe wannan labari.

Gwamnatoci dole su rubuta wani abu a doka, kuma jul ya fi sauƙin rubutawa. Zimbabuwe ta ce giwa da ɓauna da dorina sai da faɗin milimita 9.2 da jul 5,300. Namibiya ta sa jul 5,400. Tanzaniya ta tsaya a kan .375. Ina goyon bayan a sa iyaka, don ita ke hana mai ƙaramin sani shiga daji da abin da zai raunata kawai. Amma ku duba: 9.3×62 da ɗurin da aka saba yi masa wajen jul 4,800 yake bayarwa, bai kai ma'aunin ba, alhali ya fi shekara ɗari yana kashe ɓauna. Wani ƙaramin harsashi mai tsananin gudu kuma zai iya haye jul 5,400 ya tarwatse a kafaɗa. Dokar Suwidin ta fi burge ni. A can, don farautar mus, an taɓa ƙayyade cewa harsashin dalma mai giram 9 sai ya kai jul 2,700 a nisan mita 100, amma mai giram 10 jul 2,000 ya ishe shi. Wato dokar da kanta ta yarda cewa ƙarin nauyi yana maye gurbin jul.

Yanzu in dawo gida. Bindigar da ta cika dazuzzukanmu, a hannun ɓarayin haure da kuma a hannun masu gadi, ita ce AK-47. Harsashinta giram 8 ne, jul kimanin 2,000, nauyi bisa faɗin fuska 0.16, ga tsinin baki, yana fara juyawa bayan ya shiga wajen santimita 25. An yi shi don yaƙi da mutane. Ɓarayi suna cike giɓinsa da yawan harbi, su buɗe wa garke wuta gaba ɗaya. A Zakuma ta Cadi giwaye sun faɗo daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010. A farkon 2012 mahara a kan dawaki sun kashe ɗaruruwa a gandun Buba Njidda na Kamaru. Gawarwakin da aka ƙirga ba su ne duka ba. A irin wannan harbi akwai waɗanda ke tsira da harsashi a ciki ko a ƙafa, kuma giwa mai ciwo ita ce mafi haɗari ga mai gona da mai itace.

Abin da ke damuna shi ne mu tura ma'aikacinmu ya kawar da irin wannan dabba da irin bindigar da ta raunata ta. Zalunci ne ga dabbar, ganganci ne da ran ma'aikacin. Hukumar da ke da giwa ko ɓauna ko dorina a yankinta tana buƙatar aƙalla bindiga ɗaya ta .375 ko sama da haka, da sababbin harsasai iri biyu, a hannun mutum biyu ko uku da aka zaɓa. Kuma sayen bindigar shi ne mafi sauƙi. Shurinta yana sa wanda bai saba ba ya runtse ido ya fizgi kunama, harsashi mai jul 6,000 ya tafi tumbi. Wanda ke jin tsoron .458 gara a ba shi .375 da zai iya sarrafawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a ware kuɗin harsasan atisaye kowace shekara, a yi harbi a tsaye, a nisan mita 20 zuwa 50, da sauri, don haka abin yake zuwa. Kafin a kai ga harbi ma a nemi likitan dabbobi, domin wata dabbar allurar barci da magani take buƙata.

Inda gandun daji ke da ƙoƙon kan giwa ko na dorina da suka mutu da kansu, a nemi izini a tsaga ɗaya a ajiye don koyarwa. Duk dabbar da aka kashe bisa dole kuma, a feɗe ta a gaban ma'aikata, a bi hanyar harsashin da sanda, a auna zurfinsa, a ga ƙashin da ya karya da inda ya karkata, a ciro shi a ɗora a sikeli a ga nauyin da ya rage, a rubuta a littafi tare da nisan harbin da tsawon lokacin da dabbar ta yi kafin ta faɗi. A gayyaci tsofaffin maharba wurin fiɗar, su nuna wa yaranmu masu takardar makaranta inda zuciyar ɓauna take in ta ba da gefe, da inda take komawa in ta karkato.